Maganin kajin ƙwai da na doki a gona ɗaya: me aka hana, kuma me ya sa?

Mai Gonar Gezawa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu ilimin abin. Gona ce mai kajin ƙwai 1,000, sun kai mako 34, da dawakai uku a barga can gefe. Kwana huɗu ke nan kajin suna atishawa, da daddare ana jin ƙarar maƙogwaronsu, ƙwai ya sauka daga kiret 27 zuwa 22, kullum biyu ko uku na mutuwa. Ingarma ɗaya kuma tun bayan hawan sallah yake majina, ƙasan muƙamuƙinsa ya kumbura, ya rage cin harawa.

A sito akwai enrofuloksasin, da garin tailosin, da wani gari mai linkomaisin, sai kwalbar allura ta fenisilin haɗe da sitiraftomaisin. Wanne ya halatta a ba kajin da ake sayar da ƙwansu, kuma kwana nawa za a dakata kafin a sayar? Sannan ko za a iya jiƙa wa dokin garin kajin a cikin dusa, tunda duk antibiyotik ne?

Likitar Kaji

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo sauƙi. Amsar da ta fi gaggawa ita ce ta dokin: kada a ba shi linkomaisin ko tailosin, ko da cokali ɗaya. Masu dawakai za su yi maka bayanin dalili. Ni bari in tsaya a kan kajin.

Kafin a buɗe kowane leda, a san cutar. Atishawa da raguwar ƙwai alama ce da cututtuka da yawa suke tarayya a kanta. Nukasil tana yin haka, mashaƙon kaji yana yin haka, murar tsuntsaye ma haka take farawa, kuma dukkan ukun bairos ne, antibiyotik ba ya taɓa su. Maikofulasma, wadda masu kaji ke kira CRD, ita ma haka take zuwa, kuma sau da yawa bakteriyar E. koli ce ke biyo bayanta ta yi kisan. A ɗauki kaji uku zuwa biyar, wasu marasa lafiya da ransu, wasu da suka mutu ba a jima ba, waɗanda ba a fara ba su magani ba, a kai wa likita ya feɗe. In ya ga farin abu kamar cuku ya lulluɓe zuciya da hanta, jakunkunan iska sun yi duhu, E. koli ta shiga. In ya ga ɗigon jini a tumbin da ke gaban ƙundu, Nukasil za a fara zargi. Hanta mai launin tagulla da kumburarriyar saifa, taifod ɗin kaji ke nan. In kuwa mutuwa ta tashi farat ɗaya, tukku da leɓatu suka yi shuɗi, a rufe gonar a sanar da ofishin likitocin dabbobi na jiha, domin murar tsuntsaye cuta ce da doka ta wajabta a kai rahotonta. Tun 2006 da ta fara ɓulla a jihar Kaduna take dawowa lokaci-lokaci.

A roƙi likitan ya tura samfuri ɗakin gwaji a raya ƙwayar a gwada wane magani ke kashe ta. Kwana biyu zuwa uku yake ɗauka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yi, haka asibitocin koyarwa na dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kuɗin gwajin bai kai na magani biyu da za a saya bisa kirdado ba.

To, batun ƙwai. Gwaiduwa ba a rana ɗaya take haɗuwa ba. Kimanin kwana goma take yi tana ƙara girma zobe-zobe a mahaifar kaza kafin ta faɗo. Maganin da kaza ta sha yau yana shiga gwaiduwar da za a saka gobe, da ta jibi, har ta mako mai zuwa da 'yan kwanaki. Shi ya sa magunguna da dama za ka ga an rubuta a jikinsu cewa ba a ba kajin da ke saka ƙwan da mutane za su ci. Enrofuloksasin yana cikinsu, haka doksisaikilin, haka dangin salfa. Irin waɗannan ba su da ranar dakatarwa ta ƙwai a takardarsu ko kaɗan, saboda ba a yi musu rajista don kajin ƙwai ba. Tailosin da tiyamulin kuwa akwai samfuran da aka yi wa rajista don masu ƙwai, wasu ma babu kwanan dakatarwa. Amma abin da aka rubuta a jikin ledar da ke hannunka shi ne hukunci, ba sunan maganin ba, domin ƙarfin haɗi da yawan da ake bayarwa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

In ta tabbata maikofulasma ce, tailosin ɗin naka ya dace, matuƙar takardarsa ta yarda da masu ƙwai kuma kwanansa bai ƙare ba. Amoksisilin da sauran dangin fenisilin ba sa yi mata komai, saboda katangar jikin ƙwayar cuta suke rusawa, ita kuwa maikofulasma ba ta da katangar. Shi kuma tailosin ba ya kashe E. koli. Ka ga amfanin feɗewa.

Inda aka fi kuskure shi ne awo. Leda ta ce gram ɗaya a lita ɗaya, sai a bi haka rani da damina. Kaza mai ƙwai tana shan ruwa kamar mililita 200 a lokacin hunturu, a zafin Afrilu kuwa takan kai 400. Awo ɗaya ne a lita, amma abin da ya shiga cikin kazar ya ninka. Lissafin da ya dace da nauyi ake yinsa. A auna kaji ashirin a sami matsakaici, mu ce kilo 1.8. Kaji 1,000 sun zama kilo 1,800. In likita ya rubuta miligiram 20 a kowane kilo, gram 36 ke nan na tsantsar magani a rana. In garin kashi 20 cikin ɗari ne magani, gram 180 za a auna. In kashi 50 ne, gram 72. Sai a narka wannan a cikin ruwan da aka tabbatar za su shanye, ba wanda za a zubar da yamma ba. A janye ruwa awa ɗaya da sassafe don su ji ƙishirwa, amma ba a tsakar rana da zafi ba. Maganin da ke saurin lalacewa a ruwa, irin amoksisilin, a raba shi biyu, a haɗa sabo duk awa 12. A cika kwanakin da aka rubuta ko da sun warware a rana ta biyu.

Dangin tetrasaikilin suna da tasu matsalar: sinadarin kalsiyam yana ɗaure su a hanji. Abincin masu ƙwai kuwa yana da kalsiyam kusan kashi 4 cikin ɗari saboda ɓawo, ga ruwan burtsatse mai ƙarfe a wasu wurare. Sai a ba da maganin daidai, rabinsa ya fita a kashi, a ce jabu ne.

A duba ɗakin ma. In ka tsuguna daidai tsayin kaza ka ji zarni yana ƙona maka ido, wannan iskar tana lalata bututun numfashinsu, kuma babu maganin da zai riƙe su muddin shimfiɗar tana jiƙe. A kwashe jiƙaƙƙiyar, a zuba sabuwar dusar katako, a ɗage labule.

Shamaki

Ranka ya daɗe, Dakta ta yi gaskiya. Doki da babban hanjinsa yake rayuwa. A can ƙwayoyi masu amfani suke narka masa ciyawa da harawa. Linkomaisin, kilindamaisin, tailosin da tilmikosin suna kashe waɗannan ƙwayoyin, sai ƙwayoyin cuta irin kulostiridiyam ko salmonela su mamaye wurin. Doki ya fara zawo kamar an buɗe famfo, zazzaɓi, dasashi ya yi ja, jiki ya bushe, ƙafafu su yi zafi har kofato ya nemi rabuwa da ƙashi. Babban doki yana iya faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko eritiromaisin da ake ba duƙushi, in goɗiya ta lashi ragowarsa a bakin ɗanta ko a bokiti, takan kamu.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari a gonar da ta haɗa kaji da dawakai, kuma ba a kwalba yake ba, a buhun abinci yake. Abincin kajin nama da na masu tasowa sau da yawa ana sa masa maganin kashin jini irin monensin ko salinomaisin. Kaji suna ɗauka lafiya. Doki kuwa miligiram 2 zuwa 3 na monensin a kowane kilo na nauyinsa yana kashe shi, salinomaisin ma bai kai miligiram ɗaya ba. Doki mai kilo 320, abin da bai wuce kilo uku na abincin kaji mai salinomaisin ba ya isa. In kuwa tsantsar haɗin ne da ake zubawa a injin niƙa, ƙaramin cokali ɗaya ya wadatar. Tsokar zuciya yake ci, babu makari, wanda ya tsira ma yakan rayu da raunin zuciya ya faɗi wata rana a ƙarƙashin mahayi. Don haka sito daban, mudu daban, bokiti daban, kuma kada a niƙa wa doki dusa a injin da aka gama haɗa abincin kaji. A gaya wa yaran barga da baki, kada a ɗauka sun sani.

Ingarman naka, yadda ka kwatanta, ya yi kama da ciwon da ke sa kaluluwar maƙogwaro ta yi mugunya. Ƙwayar sitiraftokokas ce, kuma a taron dawakai ake kwasowa: linzami ɗaya, bokiti ɗaya, hanci da hanci. Takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 14. A ware shi yau, turke nesa da sauran, ya zama ingarman ne na ƙarshe da mai kula da dawakan zai taɓa a zagayensa, ya wanke hannu ya canja riga. A riƙa auna zafin dukkan ukun ta dubura safe da yamma. Lafiyayye yana tsakanin 37.5 da 38.5.

A nan ne mutane ke mamaki: in kumburin ya riga ya fara tara mugunya, dokin yana numfashi lafiya yana ɗan ci, yawancin likitoci ba sa ba da antibiyotik. Magani ba ya ratsa tsakiyar ƙurjin sosai, sai ya jinkirta nunarsa, a daina allura ya dawo. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi sau biyu ko uku a rana har ya nuna, likita ya tsaga daga ƙasa, a riƙa wankewa da ruwan aidin mai rauni, kalar shayi marar kauri. A jiƙa masa abinci ya yi laushi, a ajiye a ƙasa don majina ta zubo. Fenisilin yana da wuri a farkon zazzaɓi kafin kumburi, ko in numfashi ya fara wuya, ko ya daina ci gaba ɗaya, ko ciwon ya gangara huhu. Wannan hukuncin na wanda ya ga dokin ne da idonsa.

In likita ya ce a yi, ga yadda lissafin yake. A auna kewayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba, da tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, da santimita. Kewaye sau kewaye sau tsawo, a raba da 11,880. Ƙirji 160 da tsawo 150 ya ba da kilo 320 da 'yan kai. Fenisilin mai furoken (sinadarin kashe zafi da ake haɗa shi da shi) ana ba doki yunit 22,000 a kowane kilo, a tsoka, duk awa 12. Yunit miliyan 7 ke nan. In kwalbar 300,000 ce a mililita, kusan mililita 23 a kowane lokaci. Ba a zuba fiye da 15 a wuri ɗaya, sai a raba: wuya wannan gefe, wuya wancan gefe, ko tsokar bayan cinya, ana sauya wuri. A girgiza kwalba sosai. A soka allura, a ja sirinji baya a duba, in an ga jini a cire a canja wuri, a sake dubawa a tsakiyar turawa. Furoken in ya shiga jijiya, cikin daƙiƙoƙi doki zai firgita, ya yi rawar jiki, ya yi tsalle ya bugi bango, wani ya faɗi. Ajiye kwalbar a zafi yana ƙara wannan haɗari, firji ne wurinta.

Kwalbar da kake da ita, mai haɗe da sitiraftomaisin, irinta yawanci mililita ɗaya a kilo 25 ake rubutawa. Wannan yunit 8,000 ne kawai a kilo, bai kai rabin abin da doki ke buƙata ba. In aka ninka don a cike giɓin, an ninka sitiraftomaisin ɗin ma, shi kuwa ƙoda yake taɓawa. Gara a nemi fenisilin zalla. Oksitetrasaikilin mai dogon zango na shanu kuwa kada a soka wa doki a tsoka, wurin kumbura yake yi ya ruɓe. Jentamaisin, miligiram 6.6 a kilo sau ɗaya a rana, ba a ba dokin da bai sha ruwa ba. Enrofuloksasin kuma ba na duƙushi ba ne, yana lalata guringuntsin gaɓoɓinsa.

Abu ɗaya a kiyaye, musamman ƙarshen damina: in ramin saman idanu ya cika ya kumbura, ko kumfa na fita ta hanci, wannan annobar dawakai ce ta Afirka, bairos ne da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa. Allurar fenisilin ba ta da abin yi a nan, rahoto ake kaiwa.

Malamin Haɗa Magunguna

Bari in ƙara ta fuskar doka, don kada a ɗauka tsanani ne kawai na hukuma. Akwai magungunan da hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta haramta a ba duk dabbar da ake ci, a ciki akwai kuloramfenikol da dangin naitirofuran, wanda masu kaji suka fi sani da furazolidon. Kuloramfenikol yana iya sa ɓargon mutum ya daina yin jini, kuma abin bai danganta da yawan da aka ci ba, shi ya sa ba a iya yanka masa iyaka. Furazolidon kuma ragowarsa tana manne wa nama ta daɗe, ana danganta ta da ciwon daji, dafuwa ba ta kawar da ita. Har yanzu ana ganinsu a cikin wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan maganin 'yan tsaki ko maganin gajiya. A juya leda a karanta jerin abin da ke ciki, a duba lambar rajistar NAFDAC. A duba kuma cewa mai rubuta maganin yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya.

Enrofuloksasin ba don ragowarsa a ƙwai da nama kaɗai ake gudunsa ba. Ɗan'uwan sifirofuloksasin ne da ake ba mutane, jikin dabba ma yana juya wani sashensa ya koma shi. Amurka ta janye izinin ba kaji shi a 2005, bayan an ga ƙwayar kamfilobakta da ke sa mutane gudawa ta daina jin maganin. Kolistin kuma, wanda ke cikin haɗe-haɗe da yawa a kasuwarmu, yana cikin makaman ƙarshe a asibiti in komai ya gaza. A 2015 aka ba da rahoton wata ƙwayar gado a China, mcr-1, da ke sa bakteriya ta jure masa, kuma bakteriyar tana miƙa ta ga wata bakteriyar. Tarayyar Turai ta hana antibiyotik don ƙara ƙiba tun 2006, daga Janairun 2022 kuma ta hana ba garke lafiyayye shi a matsayin al'ada. Al'adar nan tamu ta zuba wa kaji magani kwana biyar duk wata "don rigakafi" ita ce ke sa ranar da cuta ta zo da gaske a rasa abin da zai yi aiki a gonar.

A buɗe littafi: kwanan wata, ɗaki, sunan magani, lambar rukuni, awo, wanda ya rubuta, ranar ƙarshe, ranar da za a fara sayarwa. Doki ma a rubuta masa, domin tsofaffin dawakai da ake sayarwa wasu mahauta suke ƙarewa.

Mai Gonar Gezawa

Na gode, Allah ya saka da alheri. An ware ingarman, an kuma fitar da garin kajin daga siton dawakan. Amma Dakta, in gwaji ya nuna E. koli ce kuma sai enrofuloksasin kaɗai ke kashe ta fa? A bar kajin su mutu?

Likitar Kaji

A'a, Alhaji, ba a barinsu. Amma da wuya takardar gwaji ta fito da magani ɗaya tak, sai a fara duba wanda aka yarda da shi don masu ƙwai. In babu makawa sai an fita daga abin da takarda ta ce, likita ne zai rubuta, shi zai yanka kwanakin, kuma ƙwan duk tsawon lokacin ba na ci ba ne. A dokar Turai, maganin da ba a yi wa rajista don masu ƙwai ba kwana 10 ake ƙirgawa bayan shan ƙarshe, kuma hakan ya dace da yadda gwaiduwa ke haɗuwa. Sai ka yi lissafi tun kafin a fara: mu ce ƙwai 800 a rana, kwana 5 na magani da 10 na jira, ƙwai 12,000, kiret 400. Ba a sayarwa, ba a ba ma'aikata, ba a kai wa almajirai sadaka, ba a tura wa masu burodi. Rami ake haƙawa a fasa a binne. Wani lokaci in aka ɗora wannan a sikeli, ware marasa lafiyar a yi musu magani su kaɗai, a gyara iska da ruwan sauran, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Malam, ina tare da kai a kan kolistin, sai dai a faɗa wa manoma abin da za su riƙe a madadinsa, in ba haka ba za su koma. Mafi yawan E. koli ta ruwan sha da ƙazantar bututu take shigowa. A wanke tanki da layin ruwa tsakanin rukuni da rukuni, a sa kulorin a ruwan sha, a dakatar da shi kwana biyu kafin rigakafin da ake bayarwa a ruwa da kuma ranar da za a bayar, don yana kashe rigakafin. A riƙa sabunta na Nukasil a kan lokaci.

Abu biyu kuma ga wanda zai koma wa tiyamulin. Ba ya haɗuwa da monensin ko salinomaisin ko narasin: kwana bakwai kafin, kwana bakwai bayan, in ba haka ba kaji su shanye a ƙafa su mutu. Abincin masu ƙwai bai kamata ya ƙunshi waɗannan ba, amma a tambayi mai haɗa abincin, musamman in inji ɗaya yake yi wa kajin nama aiki. Sannan in an shirya rigakafin taifod ɗin kaji mai rai, ita ma bakteriya ce aka raunana, antibiyotik yana kashe ta. A bar tazarar mako guda kafin allurar da mako biyu bayanta.

Shamaki

Ƙarin bayani kan ingarman: ko ƙurjin ya fashe ya warke, kada a mayar da shi cikin sauran sai bayan mako uku aƙalla da tsayawar majina, domin yana ci gaba da zubar da ƙwayar, wasu ma suna riƙe ta a aljihun maƙogwaro wata da watanni. Tsumman da aka goge mugunya a ƙone shi. In za a tsaga wurin kuma ba a taɓa yi masa rigakafin tetanus ba, a yi masa allurar kariya ta gaggawa, yunit 1,500, a ranar. Duk dokin da ke kan antibiyotik a duba kashinsa safe da yamma. Da zarar ya fara laushi a dakatar da allura ta gaba a kira likita, kada a jira sai ya zama ruwa.